Hannu da Yawa Cikin Akushi Ɗaya: Tarihin Kwamfuta Mai Masarrafai Daidai-wa-Daida

Gabatarwa

Hausawa na cewa hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Amma duk wanda ya taɓa zama a bakin akushi tare da 'yan'uwansa ya san yawan hannu ba ya amfani sai da ladabin ci. In babu wannan ladabi, wani zai kai hannu inda wani ya riga ya yanki loma, miya ta zube, a tashi da yunwa da ɓacin rai. Wannan shi ne hoton matsalar da masana kimiyyar kwamfuta suka yi kusan shekara hamsin suna fama da ita, tun daga ranar da suka yi tunanin sanya wa na'ura ɗaya ƙwaƙwalwa fiye da ɗaya.

Kafin a yi nisa, ya kamata a fayyace wasu kalmomi. Masarrafi shi ne ɓangaren kwamfuta da yake karanta umarni ya aiwatar, ɗaya bayan ɗaya. Ma'adana ita ce inda ake ajiye umarnin da bayanan da ake aiki da su. Babbar manhaja kuwa, irin su Unix da Windows da Linux, ita ce mai gudanar da gidan baki ɗaya, kuma tana da wani sashe da za mu kira cibiya, wanda shi ne yake raba aiki, yake raba ma'adana, yake kuma magana da faifai da sauran kayan na'ura. Idan aka ce kwamfuta tana bin tsarin daidai-wa-daida, wanda Turawa suke taƙaita sunansa da haruffan SMP, ana nufin tana da masarrafai biyu ko fiye, iri ɗaya, suna aiki da ma'adana ɗaya a ƙarƙashin babbar manhaja ɗaya, kuma kowannensu yana da ikon yin kowane aiki, har da shiga cibiya. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda aka kai ga wannan tsari, tare da nuna cewa haɗa ƙarafan bai taɓa zama babbar wahala ba. Abin da ya ci shekaru shi ne koya wa babbar manhaja yadda za ta hana hannaye karo cikin akushi.

Zamanin ubangida da bara

Yunƙurin farko bai zo da daidaito ba. A farkon shekarun 1960 kamfanin Burroughs na Amurka ya fito da na'urar B5000, wadda ake iya sanya mata masarrafai biyu. Sai dai ɗaya ne kawai yake riƙe da ragamar babbar manhaja, ɗayan kuwa sai aikin da aka miƙa masa. In yana bukatar karanta wani abu daga faifai, dole ya dakata ya nemi alfarma wurin na farko. Wannan shi ake kira tsarin ubangida da bara. Yana da sauƙin ginawa, domin mutum ɗaya ne yake taɓa littafin lissafin gida, saboda haka babu gardama. Aibinsa kuwa biyu ne. In aiki ya yi wa ubangida yawa, bara zai zauna hannu rabbana yana jira. In kuma ubangida ya faɗi, gida ya faɗi.

Wannan aibi na biyu shi ya fi damun sojojin Amurka a zamanin yaƙin cacar baka, lokacin da suke bukatar na'urar da ba za ta mutu a tsakiyar aikin tsaron sararin samaniya ba. A shekarar 1962 Burroughs ya gabatar da D825, wadda galibin masana tarihin fannin suke ɗauka a matsayin kwamfutar farko mai bin tsarin daidai-wa-daida. Tana ɗaukar masarrafai har 4 da sassan ma'adana har 16, an haɗa su da wata saƙar wayoyi da ke ba kowane masarrafi damar isa ga kowane sashe. Babbar manhajarta ba mallakar masarrafi ɗaya ba ce, duk wanda ya sami sarari yana iya ɗaukar aikinta. In ɗaya ya lalace, saura su ci gaba, ko da saurin ya ragu. A nan mai karatu zai lura cewa tsoron mutuwar na'ura ne ya haifi wannan tsari, neman sauri daga baya ya biyo.

Sauran kamfanoni sun bi sahu. A tsakiyar shekarun 1960 aka sami UNIVAC 1108 mai ɗaukar masarrafai har 3. Kamfanin IBM, wanda ya ƙaddamar da jerin System/360 a shekarar 1964, ya yi samfura masu lamba 65 da 67 da ake iya haɗa musu masarrafai biyu, kuma Jami'ar Michigan ta rubuta tata babbar manhajar mai suna MTS wadda ta yi aiki da duka biyun. Mafi girman buri a wancan zamani shi ne Multics, aikin haɗin gwiwa tsakanin cibiyar MIT da kamfanin General Electric da ɗakunan binciken Bell. Manufarsu ita ce kwamfuta ta zama kamar wutar lantarki ko tarho, a same ta dare da rana. An tsara Multics ta yadda za a iya cire masarrafi ko a ƙara wani alhali na'ura tana cikin aiki. Ta yi tsawon rai, domin sai a watan Oktoba na shekarar 2000 aka kashe ta ƙarshe a birnin Halifax na ƙasar Kanada.

Akawu biyu, littafi ɗaya

Mene ne ainihin abin tsoro in masarrafai biyu suka shiga cibiya a lokaci guda? A ɗauka akwai akawu biyu a banki suna aiki da littafi ɗaya, kuma a asusun wani mutum akwai naira 1,000. Akawu na farko ya karanta 1,000 domin ya ƙara naira 200 da aka kawo ajiya. Kafin ya rubuta, na biyu shi ma ya karanta 1,000 domin ya cire naira 300. Na farko ya rubuta 1,200, na biyu ya zo ya goge ya rubuta 700. Abin da ya kamata ya rage shi ne 900, amma ga shi naira 200 ta salwanta, kuma babu wanda ya yi kuskuren lissafi a cikinsu. Wannan rigegeniya ita ce cutar. Abin da ya ƙara mata muni shi ne ba kullum take bayyana ba. Ana iya gwada manhaja sau dubu ta tafi lafiya, sannan ta ci amana ranar da aka fi dogara da ita.

Wanda ya fara shimfiɗa wannan matsala a kan tabarmar ilimi shi ne Edsger Dijkstra, malami a birnin Eindhoven na ƙasar Holan. A shekarar 1965 ya buga wata gajeriyar maƙala da ta nuna yadda masu aiki da yawa za su shiga wuri mai haɗari ɗaya bayan ɗaya, bayan da ɗan ƙasarsu Dekker ya warware matsalar ga masu aiki biyu. Shi ne kuma ya ƙago dabarar da ya ba sunan alamar da ake tsayar da jirgin ƙasa da ita, wato kafin ka shiga ka duba alama, in a rufe take ka jira. Daga nan aka sami abin da za mu kira kwaɗo. Duk masarrafin da zai taɓa wani bayani na tarayya sai ya kulle ƙofa, in ya gama ya buɗe. Masu ƙera na'ura su ma sun taimaka da umarni na musamman wanda yake duba kwaɗo ya kuma kulle shi a bugu ɗaya, ba tare da barin kafar da wani zai kutsa ba. Akwai irin wannan umarni a cikin System/360.

Amma kwaɗo ma da tasa fitinar. In masarrafi na farko ya riƙe kwaɗon ɗaki yana jiran na zaure, na biyu kuma ya riƙe na zaure yana jiran na ɗaki, to an yi cirko-cirko ke nan, babu mai motsi har abada. Dijkstra ya bar wa ɗalibai misalin da ya shahara a kan wannan, na masana falsafa biyar da suka kewaye teburi da cokula biyar, kowa ba ya iya cin abinci sai da cokali biyu. In kowa ya ɗauki na damansa a lokaci guda, duk za su kwana da yunwa ga abinci a gabansu.

Gargaɗi na biyu ya fito ne daga bakin Gene Amdahl, ɗaya daga cikin waɗanda suka tsara System/360. A wani taro a shekarar 1967 ya nuna cewa kowane aiki yana da ɓangaren da ba ya rabuwa, kuma wannan ɓangare shi ne yake yanke iyakar amfanin ƙarin hannaye. Alal misali, in kashi 10 cikin 100 na aiki dole mutum ɗaya ya yi shi, masarrafai 4 za su ninka sauri kusan sau 3 ne kawai, 16 su ninka shi sau 6 da 'yan kai, kuma ko an tara dubu ba za a wuce ninki 10 ba. Duk wanda ya taɓa halartar aikin gayya ya san haka. In ƙofar rumbu ɗaya ce, yawan masu ɗauko dami ba zai hana layi a bakinta ba. Kowane kwaɗo a cikin cibiya irin wannan ƙofa ce.

Unix da ƙananan masarrafai

A shekarar 1969 ɗakunan binciken Bell suka janye daga aikin Multics, sai biyu daga cikin ma'aikatansu, Ken Thompson da Dennis Ritchie, suka fara gina Unix a kan wata ƙaramar na'ura. Sauƙinta shi ya sa ta yaɗu a jami'o'i, amma an gina cibiyarta bisa zaton masarrafi ɗaya ne a gidan. Mai aiki shi kaɗai ba ya bukatar kwaɗo, ya ishe shi ya toshe kunne daga masu katse shi har ya gama. Wannan zato ya shiga kowane lungu na cibiyar, kuma cire shi ya zama aikin shekaru.

Jami'o'i ba su zauna ba. Tun farkon shekarun 1970 Jami'ar Carnegie Mellon ta haɗa ƙananan kwamfutoci 16 samfurin PDP-11 a kan ma'adana ɗaya, ta rubuta musu babbar manhaja mai suna Hydra. A farkon shekarun 1980 George Goble da abokin aikinsa a Jami'ar Purdue suka liƙa wa na'urar VAX masarrafi na biyu, suka gyara Unix ta yi aiki a kai bisa tsarin ubangida da bara. Kamfanin DEC mai ƙera VAX shi ma da wannan tsari ya fara a shekarar 1982, kuma sai a 1988 babbar manhajarsa ta VMS ta rungumi cikakken daidaito.

A daidai wannan lokaci ƙananan masarrafai masu araha, waɗanda ake ƙerawa a kan ɗan falle guda na silikon, suka yi ƙarfi. Sai tunani ya zo cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, me zai hana a jera goma ko ashirin a kan hanya ɗaya da ke kaiwa ga ma'adana? Cikas ɗin shi ne hanyar takan cunkushe. Maganin da aka samo shi ne a ba kowane masarrafi ɗan aljihu mai sauri inda zai riƙe kwafin bayanan da yake yawan amfani da su. Nan kuma wata sabuwa ta ɓullo, domin in wani ya canza abin da ke aljihunsa, kwafin da ke aljihun saura ya zama tsohon labari. A shekarar 1983 James Goodman na Jami'ar Wisconsin ya bayyana dabarar saurare, wato kowane aljihu ya kasa kunne ga abin da ke wucewa a kan hanya, in ya ji wani ya rubuta a kan bayanin da yake riƙe da kwafinsa, ya jefar da nasa. A 1984 masana daga Jami'ar Illinois suka inganta dabarar, kuma jikokinta ne suke aiki a cikin masarrafan yau.

Kamfanin da ya fi cin moriyar wannan shi ne Sequent, wanda wasu tsofaffin ma'aikatan Intel suka kafa a jihar Oregon a shekarar 1983. Na'urarsu Balance 8000 ta 1984 tana ɗaukar masarrafai har 12, wadda ta biyo ta kuwa har 30, a ƙarƙashin wani nau'in Unix da suka gyara mai suna DYNIX. Manyan kamfanoni masu tarin bayanan ciniki sun karɓe ta, domin aikinsu mai rabuwa ne, ɗaruruwan ma'aikata kowa da tambayarsa. Kamfanin Sun ya fito da Solaris 2 a 1992 da cibiyar da aka sake ginawa domin masarrafai da yawa, kuma zuwa 1997 yana sayar da na'ura mai masarrafai 64. Microsoft kuwa ya ɗauko Dave Cutler, jagoran ginin VMS, a shekarar 1988, kuma Windows NT da ta fito a 1993 da tsarin daidaito aka haife ta.

Babban kwaɗo da shekara goma sha biyar

Babu inda wahalar wannan tafiya ta fito fili kamar a tarihin Linux, domin a bainar jama'a ake gina ta. Linus Torvalds ya fara ta a shekarar 1991 yana ɗalibi a birnin Helsinki na ƙasar Finlan, a kan kwamfuta mai masarrafi ɗaya. Bayan da Intel ya fitar da ƙa'idar haɗa masarrafai a 1994, na'urori masu masarrafai biyu suka yi arahar da ƙaramin ofis zai iya saye. Alan Cox na Birtaniya ya jagoranci aikin da ya kai ga Linux 2.0 ta watan Yuni 1996, wadda ta fara amfani da masarrafi fiye da ɗaya. Hanyar da aka bi ita ce mafi sauƙi, wato aka sa wa cibiyar baki ɗaya babban kwaɗo guda. Kowane masarrafi yana iya shiga, amma ɗaya bayan ɗaya. An sami daidaito, an kauce wa rigegeniya, sai dai an gina ƙofar rumbun nan da Amdahl ya yi gargaɗi a kanta.

Sakamakon ya bayyana a shekarar 1999, lokacin da kamfanin Mindcraft ya buga gwajin da ya nuna Windows NT ta tsere wa Linux a kan na'ura mai masarrafai 4. An yi ta ce-ce-ku-ce, musamman da yake Microsoft ne ya ɗauki nauyin gwajin. Amma da aka maimaita shi a gaban wakilan ɓangarorin biyu, NT ta sake yin gaba, ko da yake ratar ta ragu. Masu gina Linux suka karɓi gaskiya mai ɗaci, suka duƙufa ga farfasa babban kwaɗon zuwa ƙanana, wannan na sadarwa, wancan na faifai, wancan na ma'adana. Kowane ƙaramin kwaɗo yana rage layi, amma yana ƙara haɗarin cirko-cirko, saboda haka aikin sai da taka-tsantsan. Linux 2.4 ta 2001 da 2.6 ta 2003 sun ci rabo mai yawa na aikin, amma sai a watan Mayu na 2011, a fitowa mai lamba 2.6.39, Arnd Bergmann ya cire ragowar babban kwaɗon. Abin da aka sa a matsayin maganin wucin gadi ya yi shekara 15.

Wata dabara da ta taimaka ƙwarai daga Sequent ta fito, ta hannun Paul McKenney, bayan IBM ya sayi kamfanin a 1999. Hikimarta ita ce masu karatu kada su taɓa kwaɗo ko kaɗan. Mai son gyara ya yi sabon kwafi a gefe, ya gyara, ya juya alama zuwa gare shi, sannan ya jira duk masu karanta tsohon su watse kafin ya share shi. Ta shiga Linux a 2002. A shekara mai bi kamfanin SCO ya kai IBM kotu, yana zargin an kwashe fasahar Unix an zuba wa Linux, kuma irin waɗannan dabaru na masarrafai da yawa suna cikin abin da aka yi jayayya a kai. A 2010 kotu ta tabbatar cewa haƙƙin mallakar Unix na kamfanin Novell ne, ba na SCO ba. A wani gidan ma batun ya raba 'yan'uwa. Masu gina FreeBSD sun bi hanyar farfasa kwaɗo a fitowarsu ta 5 a 2003, amma Matthew Dillon, wanda yake ganin a rage tarayya tun farko ya fi a yi ta tara kwaɗuna, ya ware ya kafa DragonFly BSD a shekarar.

Daga ɗakin sanyi zuwa aljihun riga

Duk tsawon wannan lokaci tsarin na manyan ofisoshi ne. Mai kwamfutar gida bai damu da shi ba, tun da kowace shekara masarrafi ɗaya yana ƙara sauri. Sai zafi ya taka wa wannan birki. Masarrafin Pentium 4 ya kai bugu biliyan 3.8 a daƙiƙa, amma wutar da yake ci da zafin da yake fitarwa sun kai maƙura, har a shekarar 2004 Intel ya fasa fitar da mai bugu biliyan 4. Mafita ɗaya ta rage, wato a sa masarrafai biyu ko fiye a kan falle ɗaya, kamar yadda IBM ya riga ya yi da POWER4 a 2001. A 2005 Intel da AMD duk suka kawo irin wannan kasuwa, kuma a 2011 aka fara sayar da wayoyin hannu masu masarrafai biyu. Da ba a riga an yi wancan dogon aiki a kan cibiya ba, da waɗannan ƙarin masarrafai sun zama kayan ado kawai.

Sai dai daidaiton farko bai tsira yadda yake ba. Da yawa ya ƙaru, hanya ɗaya ta kasa ɗauka, sai tun tsakiyar shekarun 1990 aka fara ba kowane rukuni ma'adanarsa ta kusa, ta nesa kuma ana isa gare ta amma da jinkiri. A 2011 kamfanin ARM ya gabatar da tsarin haɗa manyan masarrafai masu ƙarfi da ƙanana masu tsimin batir, Apple ya kawo shi kwamfutocinsa a 2020, Intel kuma ya yaɗa shi a 2021. Wannan bai mai da mu zamanin ubangida da bara ba, domin babba da ƙarami kowa yana da ikon shiga cibiya. Abin da ya sauya shi ne nauyin da ke kan mai rabon aiki, wanda yanzu dole ya san ƙarfin kowa da nisan kowa daga rumbu kafin ya ɗora masa kaya.

Kammalawa

An ga yadda tsoron lalacewar na'ura ya haifi D825 mai masarrafai 4 a 1962, da yadda Dijkstra da Amdahl suka bayyana cutar da iyakar maganinta tun kafin 1970, da yadda aka ci gaba da biyan bashin zaton masarrafi ɗaya har zuwa 2011. A shekarar 2024 AMD ya fitar da ƙunshi guda mai masarrafai 192, amma lissafin Amdahl bai canza ba, kuma rigegeniyar akawu biyu tana nan tana jiran duk mai rubuta manhajar da ya yi sakaci. Ɗalibin da ya sayi wayar Android a kasuwa ya ga an rubuta a kwalinta cewa masarrafanta takwas ne, to cibiyar Linux ce take raba musu aiki, kuma saurin da zai gani ya dogara ne ga yadda aka tsara kwaɗunan da ke cikinta da na manhajojin da ya ɗora, fiye da adadin da ke jikin kwalin.